Sharar da Aka Yi wa Mai Hoto

Yayata ba ta iya kallon mutum ta ce masa ya yi kuskure ba. Ba tsoro ba ne, don da idona na ga ta bi ɓarawon waya da jakar hannu a tashar mota har sai da ya yar da wayar. Abin da ba ta iya jurewa shi ne ta ga jikin mutum ya yi sanyi a gabanta. Tun muna yara haka take. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma bayan rasuwar mahaifiyarmu ita ta riƙe mu. In aka ba ni bakwai da takwas na rubuta sha uku, ba za ta ce ba haka ba ne. Sai ta ce, "Ka kusa," ta ɗan buga yatsu biyu a kan tebur har in gane abin da ya rage. Da haka na gama firamare ina ɗaukar kaina gwani. Sai da na faɗa hannun wani malami marar dariya a makaranta ta gaba na san matsayina.

Ta girma ta zama malamar firamare, abin da kowa ya san za ta zama. Yara suka sa mata Malama Ka-kusa, sunan ya bi ta har gida, har mijinta, wanda direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya da shi yake tsokanarta. A ajinta babu mai kuka ranar jarrabawa. Takan zagaya tsakanin bencina, in ta ga yaro ya kama hanyar ɓata sai tari ya kama ta daidai kansa. Ni na sha gaya mata wannan tarin nata ba na asibiti ba ne.

Amma kada a fahimce ni a karkace. Yayata ba ta ƙarya. A layinmu, in ana gardama kan takardar haya ko sakamakon yaro, ita ake kai wa ta karanta, kuma in ta ce ta duba, to magana ta ƙare. Wannan yardar ita ce dukiyarta, ba ta da wata. Ita dai ba za ta ce abu ya yi alhali bai yi ba. Za ta taimaka masa ne har ya yi, sannan ta faɗi gaskiya cewa ya yi. Shekara da shekaru ba wanda ya ga bambancin, har ita kanta.

Da mai ginin makarantar ya sayar da wurin aka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, ta zauna a gida tana koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu da yamma. Daga baya wata tsohuwar abokiyar karatunta, wadda ta zama manaja a wani ƙaramin kamfani, ta kira ta aiki. Kamfanin yana yin wani mataimaki ne da ke zaune a cikin waya, irin na'urar nan mai basira da ake yi wa magana ta amsa. Masu ƙananan shaguna aka yi wa shi. Ka ce masa ya duba kayan da suka rage, ko ya aika wa kwastoma saƙo, ko ya nemo maka wani hoto, sai ya yi.

Ni gyaran firiji da fanka nake yi, don haka na tambaye ta a kicin ɗinta, ina cin abincin da ba a gayyace ni ba, "To ke mene ne naki a ciki? Ke da ko fitilar wayarki sai na kunna miki?"

Ta ce, "Ka ɗauka ka bar baƙo a shagonka, mai hankali, mai son aiki, amma bai taɓa ganin filaya ko sifana ba. Kayan aikin kuma duk suna cikin akwatuna a rufe. Abin da yake gani kawai shi ne ɗan rubutun da ke jikin kowane akwati. In wani ya zo ya ce a ɗaure masa noti, da me zai san akwatin da zai buɗe?"

"Da rubutun."

"To haka mataimakin yake. Yana da kayan aiki da yawa, kowanne da ɗan bayaninsa. Akwai masu rubuta bayanin. Ni aikina in yi masa magana yadda mutane ke yi, in ga ko bayanin zai kai shi akwatin da ya dace. In ya kai shi, in sa kore. In bai kai shi ba, in sa ja, a mayar wa marubucin ya gyara."

Na ce, "Wato ke ce mai jan biro." Na yi dariya har na ƙware. Yayata da jan biro, ai an ba da ajiya inda ba za a taɓa ta ba.

Manaja ta gaya mata tun ranar farko, kuma ita da bakinta ta maimaita mini, cewa ba mataimakin ake jarrabawa ba, bayanin ake jarrabawa. In ya ɓata, ba shi ya faɗi ba, rubutun ne ya gaza. Yayata ta ji maganar, ta fahimce ta sarai. Kunnenta ne ya ɗauka, zuciyarta ba ta ɗauka ba.

Na ga hakan da idona ranar da firijin ofishinsu ya daina sanyi ta sa aka kira ni. Ofishin dogon ɗaki ne a saman wani shagon tayil, tebura a jere, wayoyin lantarki sun bi ƙasa an danne su da salatif. A can ƙarshe wani dogon mutum ne zaune, da abin sauraro a kunne, gwiwoyinsa na tokare da tebur. Shi ke rubuta yawancin bayanan, Dogo suke ce masa. Teburin yayata yana kusa da firijin, ta shimfiɗa masa ɗan ƙyalle mai furanni ta ɗora kwamfutar a kai, kamar teburinta na aji.

Ina kwance kwamfuresar firijin ina leƙenta. Ta rubuta wa mataimakin wata buƙata irin ta mai shago, ya ɗauki kayan aikin da ba shi ba, ya kawo amsar da ba ta da alaƙa. Ta nuna masa. Sai ya rubuto, "Ki yi haƙuri, na yi kuskure. Zan sake gwadawa." Wallahi na ga fuskarta ta canza. Ta ce a hankali, ita da allon kwamfuta, "Ba komai, ka kusa." Ta buɗe bayanin da Dogo ya rubuta, ta karanta, ta sake tsara tambayar da ainihin kalmomin da ke cikinsa. Nan take mataimakin ya ɗauki daidai. Ta yi murmushi ta sa kore.

Na ce, "Yaya, satar amsa kike ba shi."

Ta ce, "Wace irin satar amsa? Ni ce ban yi tambayar da kyau ba da farko. Ka ji da firijinka."

Na ji da firijina. A lokacin abin dariya ne a wurina, na kai shi gida na ba matata labari muka sha dariya. A ofis kuwa yabonta ake yi. Aikinta ba ya tsayawa, ba ta faɗa da kowa, Dogo har shayi yake kawo mata, don kafin zuwanta mai duba bayanan wani mai baƙin rai ne da ke dawo masa da komai ja.

Shagona yana manne da na wani dattijo mai ɗaukar hoto. Mai Hoto kowa ke ce masa, mu kuma muna ce masa Baba. Tun kafin a haife ni yake wurin. A bangon shagon akwai labulen da aka zana wa bene da ruwa mai gangarowa, akwai madubi da matsefi ɗaure da zare don kada a tafi da shi, da wata kujerar katako da ta ɗauki rabin mutanen layinmu, daga jarirai har waɗanda suka riga mu. Waya ta kashe kasuwar hoto, ya sani, ba ya musu. Abin da ya riƙe shi shi ne tsofaffin hotuna. Ya ɗebi shekaru yana ɗaukar tsofaffin finafinan kyamara da ke cikin kwalaye, waɗanda danshi ya fara ci, yana mayar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gama da shi sai ya zubar, don warinsu yana tayar masa da tari. In gobara ta ci gidan mutum, ko uwarsa ta rasu ba shi da hotonta, wurin Baba yake zuwa. Baba zai ce, "Wace shekara? Wane irin kaya ta sa?" Kafin ka gama shan ruwa ya fito da ita.

Da kwamfutarsa ta fara mutuwa tana farfaɗowa, hankalinsa ya tashi. Yayata ta ce ya kwashe komai ya zuba a ma'ajin kamfaninsu, mataimakin ya riƙa nemo masa da baki, ba sai ya wahalar da idonsa ba. Baba ya ce shi bai yarda da abin da ba ya iya taɓawa ba.

Ta ce, "Baba, ni na gwada shi da hannuna. Kowane kayan aiki da ke cikinsa sai da na duba."

Ya ce, "To in ke kika duba, Malama, shi ke nan."

Ta yi ta zuwa bayan tashi daga aiki tana koya masa, da irin haƙurin nan nata. Ba a jima ba kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, Baba ya yi ta godiya cewa an kwashe a kan lokaci. Ya ji daɗin abin ƙwarai. Ta bangon da ke tsakaninmu nakan ji shi yana ba wayar umarni da murya mai ƙarfi, kamar yana magana da wanda ke tsallaken titi.

Sai kuma na daina jin muryar. Baba ya fara rufe shago da wuri. In na leƙa mu yi hirar da muka saba, sai in tarar yana goge kyamarar da ba ta da ƙura. Akwai wata mata mai sayar da yadi a ƙasan layi, mijinta ya rasu tun ɗansu yana goye. Yaron ya girma zai tafi karatu nesa, ya ce yana son ganin fuskar ubansa, ita kuma hoton da take da shi ruwa ya lalata. Ta zo wurin Baba, ya ce ta dawo jibi. Ta dawo, ya ce wayar ba caji. Ta sake dawowa, ya ɓuya a bayan labulen mai bene, ina ganin takalmansa ta ƙasa. Mutumin da ya haifi kamata ne yake ɓuya a shagonsa. Na ji kunya kamar ni ne a bayan labulen.

Da ta tafi na shiga na ce, "Baba, fito, ta wuce. Me ke faruwa?"

Ya fito ya zauna a kujerar hoton, inda ban taɓa ganin ya zauna ba. Ya ce, "Babu su."

"Su wa?"

"Hotunan. Sai na bana kawai suka rage. Tsufa ne, ɗana. Na taɓa abin da bai kamata ba, ko na faɗi abin da bai kamata ba, ban ma sani ba. Kwanan nan sai in ajiye makulli in neme shi. Babban ɗana yana cewa a kai ni likita a duba kaina. Wataƙila yana da gaskiya."

Na ce ya gaya mini abin da ya ce wa wayar. Ya ce ai ba wani abu ba ne. Ya ga hotunan sun cakuɗe, na aure cikin na makaranta, sai ya ce, "Ɗan share mini wurin nan, ya yi datti, ban gane kan komai ba." Mataimakin ya amsa cewa an share, an samu wuri. Har godiya Baba ya yi masa.

Sannan ya kama hannuna ya ce, "Don Allah kada ka gaya wa Malama. Ta ɓata lokacinta tana koya mini. Da wane ido zan kalle ta?"

Ni bakina ba ya ajiya, kowa ya sani, kuma wannan karon ban ma yi niyyar ajiyewa ba. Da la'asar na same ta a kicin tana yanka albasa. Na faɗa mata. Ta ce in maimaita kalmomin da Baba ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Na maimaita. Ta ajiye wuƙar, ta kashe risho, ta zauna a ƙasa kan tayil da kayan da ta je aiki da su a jikinta.

Ta ce, "Na gani."

"Kin ga me?"

"Na ga ya yi haka. A gwaji. Kusan abin da na rubuta masa ke nan, na ce wurin ya cakuɗe ya gyara mini. Ya kwashe hotunan gwajin duka ya zubar. Da na nuna masa sai ya ce in yi haƙuri." Sannan ta ce, "Sai na sake tambaya. Na ce ya jera mini hotuna bisa kwanan wata. Ya jera. Na sa kore."

Bayanin da Dogo ya rubuta wa wannan kayan aikin layi ɗaya ne: "Yana share ma'aji don a samu wuri." Bai ce sharar tana nufin goge duk abin da ya tsufa ba. Bai ce abin da ya tafi ba ya dawowa ba. Bai ce a tambayi mai kaya tukuna ba. Shi kuwa Baba, duk rayuwarsa in ya ce a share shago, ƙura ake fitarwa a bar kaya. Mataimakin ya ji share, ya ga akwati an rubuta share, ya buɗe. In ka duba, cikin su ukun ba wanda ya yi abin mamaki. Wadda aka ajiye don ta tsaya a tsakaninsu ita ce ta kauce.

Na so in yi mata tsiya, don bakina ya saba, amma na kasa. Ban taɓa ganin yayata ta ƙi haɗa ido da ni ba sai ranar.

Washegari ta kai maganar ofis. Kamfanin yana ajiye kwafin abin da aka goge na ɗan lokaci, da Baba ya yi magana da wuri da an dawo da komai. Amma kunya ta sa ya yi shiru har lokacin ya wuce. Suka bincika ta ko'ina, babu. Manaja ta kira Dogo gaban kowa ta karanta masa layin nasa da ƙarfi, tana tambayarsa ko da ƙafa ya rubuta. Dogo yana tsaye ya sunkuyar da kai, duk tsawon nan nasa ya zama abin tausayi. Ba wanda ya waiwayi teburin mai ƙyallen furanni. Da yayata ta yi shiru da shi ke nan, don a tunanin kowa gwajinta bai ci karo da matsalar ba ne kawai.

Ta miƙe ta ce, "Ba shi kaɗai ba ne. Na ga matsalar, na rufe ta."

Ta yi musu bayanin yadda take yi, a tsaye, kowa na ji. Manaja ta ce, "Guda nawa kika yi wa haka?"

"Ban ƙirga ba. Duk wanda ya ba ni tausayi."

"Tausayin wa? Na'ura ce fa. Ba ta da uwar da za ta doke ta in ta kai sakamako gida."

"Na sani."

"Shi haƙurin da yake ba ki, haka aka tsara shi ya faɗa. Ko bango kika nuna masa kika ce ya yi kuskure, haƙuri zai ba ki."

"Na sani," ta sake cewa. Ta gaya mini daga baya cewa wannan ne ya fi ƙona ta, don da gaske ta sani.

Ba a kore ta ba. Manaja ta ce kora ma sauƙi ce, ta zauna ta sake duba duk abin da ta taɓa sa wa kore. Aka kafa doka cewa tambayar farko ita ce tambaya, ba a gyara ta, kuma mai gwaji ba zai ga bayanin ba sai bayan ya gama. Aka matsar da teburinta kusa da na Dogo. Ta yi makonni tana mayar da korenta ja, kowanne kuma sai ta miƙa wa mutumin da ke kawo mata shayi. Ya daina kawowa, ba don fushi ba, ina jin shi ma nauyinta yake ji. Tare suka sake rubuta bayanin sharar, ya zama layi huɗu: yana goge hotuna kwata-kwata, ba sa dawowa, ba na jerawa ko kintsawa ba ne, kuma dole a gaya wa mai kaya abin da zai tafi a jira amsarsa. Ta gwada shi da kowace irin magana da ta taɓa ji a bakin mutanen layinmu, har da ta masu gajen haƙuri.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya rage. Kamfanin ya aika wa Baba saƙon ban haƙuri mai dogon bayani. Ya sa na karanta masa, ya ce, "Mutanen kirki, suna rufa mini asiri ne." Na ce masa ba rufin asiri ba ne, laifin na'urar ne. Ya ce, "Malama ta duba na'urar." Daga nan bai ƙara saurarona ba. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Ya fara ba ni makullin shagonsa in riƙe masa, wai kada ya yar. Ya daina karɓar ko hoton fasfo, wai kada ya ɓata wa mutane. Ɗansa ya sa ranar zuwa da mota ya kwashe shi ya koma wurinsa da zama, a rufe shagon.

Yayata kuwa ta canza hanya. Daga tashar mota zuwa gidanta ta gaban shagunanmu ake bi, sai ta koma zagayawa ta bayan gidan mai, inda kwata ta fashe, tana ɗage zane. Na tare ta a can wata rana na ce, "Yaya, mutumin nan yana ganin hankalinsa ne ya tafi. Ni na faɗa bai yarda ba. Bakinki kawai zai yarda da shi."

Ta ce, "In na faɗa masa, shi ke nan ni da shi."

Na ce, "In ba ki faɗa ba, shi ke nan shi da shagon."

Ta zo da safe kafin ta wuce aiki. Baba yana naɗe labulen mai bene. Ya gan ta ya rikice, ya fara ba ta haƙuri tun kafin ta gama gaisuwa, yana cewa ta yafe masa, ta yi iya ƙoƙarinta, kan ne ya tsufa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Hanya a buɗe take ta ce masa ba komai, ya kwantar da hankalinsa, kamar yadda ta saba ce wa kowa.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, kanka lafiya lau. Abin da ka faɗa daidai ka faɗa. Na'urar ce ta ɗauki maganarka ba yadda kake nufi ba, kuma na san tana yin haka. Na gani a gwaji, na bar shi ya wuce."

Ya ajiye labulen. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"Kafin ki ce mini kin duba, ko bayan nan?"

"Kafin."

Ya ce, "To." Ya zauna. Ya shafa kansa da tafin hannu, a hankali, kamar mai duba ko yana nan. Ya ce, "Ashe ba ni ba ne. Alhamdu lillahi." Sai kuma ya ce, "Tashi, Malama, ƙasa da sanyi. Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma mai yadi za ta zo an jima. Ni na gaji da ɓuya. Ki tsaya ki gaya mata."

Ta tsaya. Ta gaya mata, ba ta rage komai ba. Mai yadi ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, "To me zan ce wa yaron?" Sai ta gyara ɗaurin yadin da ke kanta ta fita.

Baba bai tafi ba. Ya karɓi makullinsa, ya sake rataya labulen, ya kira ɗansa ya ce kada ya ɓata man mota. Ya koma ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta. Yana gaisawa da yayata kamar da, har ya fi da, yana tambayar maigidanta da yara. Ita ma ta dawo bin gaban shago. Na ɗauka magana ta wuce.

Wata safiya ta tsaya a shagona karɓar fankar da na gyara mata. Baba ya leƙo da 'yar kwalbar maganin ido da aka ba shi a asibiti, ya ce, "Malama, rubutun ya yi mini ƙanana. Sau nawa aka ce?" Ta karɓa ta karanta, ta juya kwalbar ta sake karantawa, ta ce ɗigo ɗaya safe da yamma, kada ya wuce wata guda da buɗewa. Ya yi godiya sosai, ya sa mata albarka.

Muna ɗaure fankar sai na hango shi yana tsallaka titi, a hankali, hannu ɗaya a ɗage yana tsayar da motoci. Ya shiga kemis ɗin da ke fuskantarmu, ya miƙa wa mai kemis kwalbar. Ta gilashi muna ganin mai kemis yana karantawa, yana ɗaga yatsa ɗaya. Na yi sauri na fara wata maganar banza kan tsadar waya don ta juyo, amma ta riga ta gani.

Ta ce, "Bar shi. Ni ma da haka zan yi."

Titin ya cika da motocin safe, idon Baba kuma ba shi da ƙarfi. Ta tsaya rungume da fankar har ya tsallako lafiya ya shige shagonsa, sannan ta wuce aiki.